Mai Ɗaki da Yoyon Ɗakinsa: Bahasi a kan Sauko da Iko, Daidaiton Haƙƙi da Amanar Ƙasa a Kudancin Kaduna

Ina roƙon mahalarta wannan zama su yi mini afuwa idan harshe ya zarce a wani wuri, domin mas'alar da aka ɗora mini in yi bahasi a kanta a nan Gwantu, wato alaƙar da ke tsakanin mulkin jama'a da kiyaye ƙasa da daidaita haƙƙin mutane, mas'ala ce da aka zubar da jini saboda ita a wannan yanki namu, kuma wanda zai wanke miki ba shi da makawa sai mai mikin ya ji zafi.

Duk wanda ya gangaro daga Hawan Kibo ya bi hanyar da ta ratsa ƙasar Sanga ta nufi Akwanga, musamman da rani, zai ga buhunan gawayi jere a bakin titi, an toshe bakin kowanne da ganye an ɗaure da igiya, suna jiran manyan motocin da za su kwashe su zuwa birane. Na daɗe ina wucewa ta gabansu ban ɗauke su a bakin komai ba, sai ranar da na zauna da wani dattijo a wani ƙauye, a gindin wata ɗorawa da ya ce kakansa ne ya bar ta tsaye sa'ad da ya sare gonar, ya miƙa sandarsa ya nuna mini tudun da ke gabas da gidansa, wanda a ƙuruciyarsa ƙirya da maɗaci da maje suka lulluɓe shi har ba a ganin dutsen, yanzu kuwa ba abin da ya saura sai kututture da baƙin gurbin da aka gasa gawayi. Na ce masa, "Baba, to ku da kuke nan, me ya sa ba ku hana ba?" Ya yi shiru har na zaci ba zai amsa ba, sa'an nan ya ce, "Ɗana, da wane bakin? Masu saran nan da takardarsu suka zo, da hatimi a jikinta, daga inda ba mu sani ba. Ni kuwa in na sari reshe guda zan gyara rumbu, sai a ce na shiga daji ba izini. Abin da aka ce ba naka ba ne, yaya za ka kwana kana gadinsa?"

Wannan tambaya ta dattijon ita ce tushen takardata, kuma abin da nake son in kafa hujja a kansa shi ne cewa ƙasa ba ta kiyayuwa sai ikon yanke shawara a kanta ya koma hannun waɗanda ke ci daga gare ta, amma shi wannan iko, in aka sauko da shi ba a ɗaure shi da daidaiton haƙƙi tsakanin dukan mazauna wuri ba, to, an sauko da zalunci ne daga birni an kawo shi ƙofar gida.

Masu koriyar tuta

A ƙasashen Turai akwai wata mazhabar siyasa da ta ɗauki koren launi ya zama alamarta, wadda ta fara ƙarfi a Jamus ta Yamma, inda aka kafa jam'iyyarta a 1980, ta kuma shiga majalisar tarayyar ƙasar a 1983, tana tsaye a kan ginshiƙai huɗu, wato kiyaye muhalli, da adalci a tsakanin al'umma, da mulkin da ke tasowa daga tushe, da ƙin tashin hankali. A 2001 ire-iren waɗannan jam'iyyu daga sassan duniya suka taru a birnin Kanbera na Ostireliya suka amince da yarjejeniya guda, inda suka ƙara da ɗorewar arziki da girmama bambancin da ke tsakanin mutane. Ban zo nan in yi wa wata jam'iyya kamfe ba, kuma akwai ra'ayoyinsu da dama da ba su dace da addininmu da al'adarmu ba, Musulminmu da Kiristanmu. Abin da ya ja hankalina shi ne dalilin da ya sa mutanen da suka fara da maganar kogi da daji da hayaƙin masana'anta suka wayi gari suna maganar yadda ake mulki, kuma dalilin a fili yake, domin sun lura cewa wanda ke sa hannu a takardar da za ta gurɓata kogi galibi ba ya shan ruwan kogin nan.

A nahiyarmu ma an ga haka. Wangari Maathai ta ƙasar Kenya ta fara ne a 1977 da tara matan karkara suna dashen itatuwa, ba da niyyar siyasa ba, amma da ta bi sawun abin da ke cinye dazuzzukan sai ta tarar da shi a ofisoshin masu rabon filaye, har aka yi mata duka saboda dajin Karura, kuma sa'ad da aka ba ta lambar Nobel a 2004, ta zaman lafiya aka ba ta. Ita kuwa Elinor Ostrom, Ba'amurkiyar da ta sami lambar Nobel ta ilmin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin makiyaya da masunta da manoman rani a ƙasashe daban-daban, ta rushe zancen da ake yi cewa dukiyar tarayya dole ta lalace in ba gwamnati ko ɗan kasuwa ya karɓe ta ba. Ta nuna cewa tana ɗorewa ɗaruruwan shekaru matuƙar an san iyakarta, masu amfani da ita su ke tsara ƙa'idarta, masu gadinta daga cikinsu suke, horon mai laifi yana hawa daki-daki, akwai wurin sulhu na kusa mai araha, kuma hukumar sama ta yarda da ikon na ƙasa. Daga misalanta akwai manoman Balansiya ta tsohuwar Andalus, waɗanda har yau dattawansu ke zama kowace Alhamis a ƙofar babbar majami'ar garin suna yanke hukuncin rabon ruwa da fatar baki.

Sai dai ba sai mun je Andalus ba. Malamanmu sun san babin hima a fiƙihu, wato hurumin da shugaba ke keɓewa don maslahar jama'a, sun kuma san cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya naɗa mai kula da irin wannan hurumi, ya umarce shi da ya riƙa shigar da mai 'yan dabbobi kaɗan ya tsare garken manyan attajirai, bisa hujjar cewa attajiri in dabbobinsa sun halaka yana da gonaki da zai koma musu, talaka kuwa sai ya zo da 'ya'yansa ƙofar shugaba. Sun san hadisin da ya sanya ruwa da ciyawa da wuta cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu, kuma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba a raya ba. 'Yan uwanmu Kirista sun san cewa a farkon Littafi Mai Tsarki an ajiye Adamu a gonar ne domin ya nome ta ya kuma kiyaye ta. Kakannin Ninzo da Numana da Ayu da Mada kuwa, tun kafin zuwan littattafan nan biyu, suna da kurmin da ba a sa masa gatari, da lokacin da ba a sa wa daji wuta, da dattawan da ke cin tarar wanda ya keta. Kalmomin burtali da makiyaya da mashaya da hurumi ba daga Turanci muka aro su ba.

Yadda iko ya yi ta hawa sama

Tarihin wannan yanki, in aka dube shi ta wannan fuska, tarihi ne na iko da ke ta nisa da mai gona. An kafa masarautar Jama'a wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau, kuma gaskiyar da ba ta da daɗin faɗi, amma wajibi ne a faɗe ta, ita ce gaisuwar da ake kai wa Zariya a wancan zamani ta haɗa da bayi, waɗanda aka kamo daga ƙabilun da ke kewaye, kuma jikokin waɗanda aka kama ba su manta ba. Da Turawa suka zo suka shimfiɗa mulkin En'e, sai suka ga ya fi musu sauƙi su ɗora hakimai a kan jama'ar da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, in ban da Kagoro da Jaba da Marwa da aka bari da sarakunansu. Jirgin ƙasa ya iso Kafanchan wajen 1927, fadar Jama'a ta komo garin a 1933, kamfanonin kuza suka buɗe ramuka a wajen Godogodo, dokar ƙasa ta 1910 kuwa ta riga ta sa dukan ƙasar Arewa a hannun Gwamna. A ƙarshen zamanin Turawa aka shata gandun Nimbiya aka dasa masa tik, itacen da aka kawo daga Asiya domin katako, kuma ko da yake gandu abu ne mai fa'ida, darasin da talaka ya koya daga gare shi shi ne cewa itace na hukuma ne, malamin daji kuwa abin gudu ne.

Ba a rasa masu kuka ba tun a lokacin. A 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a Majalisar Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a shekarar nan kuma aka kafa NEPU, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta, tana neman 'yancin talaka daga danniyar masu sarauta, yayin da ƙabilun tsakiyar Nijeriya suka bi ta ƙungiyoyinsu har suka dunƙule a UMBC ta Joseph Tarka. A nan akwai abin lura wanda matasanmu ba su cika sani ba, wato talakan Kano Musulmi da manomin Kudancin Zariya Kirista kuka ɗaya suke yi a shekarun nan, da haraji da aikin tilas da bulalar dogari, kuma abin takaici ne yadda aka raba kukan nan biyu har kowanne ya ɗauka ɗan uwansa ne ya sa shi kuka. Hukumar Willink, wadda aka naɗa a 1957 don ta binciki tsoron ƙananan ƙabilu, ta ba da rahotonta a 1958, ta ƙi yarda a ƙirƙiro sababbin jihohi, ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a tsarin mulki. An rubuta su kuwa, amma haƙƙin da ke cikin littafi a Ikko bai hana a kama mutum a Fadan Wate ba.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo da kyakkyawar niyya, ya rushe En'e ya kafa majalisun da jama'a za su zaɓa, sai ga shi bayan shekara biyu kacal dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta tattara dukan ƙasar jiha ta danƙa wa gwamna amana, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da izinin gargajiya wanda bai wuce hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba, shi ma gwamna na iya soke shi da sunan maslahar jama'a. Abin da ke ƙarƙashin ƙasa kuwa, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya ce na Gwamnatin Tarayya ne kacokan. Masana duwatsu masu daraja a duniya sun san sunan Gwantu saboda zumurrudun da ake haƙowa a kusa da nan, a 2016 kuma aka yi shelar samun ma'adinin nikel a Dangoma ta ƙaramar hukumar Jama'a, amma lasisin haƙar duka daga Abuja yake fitowa, kuma ko da yake dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai haƙa ya ƙulla yarjejeniya da jama'ar wurin, wa ya taɓa ganin an karanta irin wannan yarjejeniya a dandalin ƙauye da harshen da tsohuwa za ta ji? Ramin dai a gonarmu ake barinsa, ruwan da ya taru a ciki kuwa 'ya'yanmu da shanunmu ke faɗawa.

Ita kanta ƙaramar hukumar, wadda sashe na 7 ya lamunce mata zaɓaɓɓiyar majalisa, an ɗaure ta da asusun haɗin gwiwa na sashe na 162, inda kuɗinta ke bi ta hannun jiha, an kuma saba a jihohi da yawa a rushe zaɓaɓɓu a naɗa kantomomi. Sai ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ba ya bisa doka. Hukunci ne mai girma, amma yanke hukunci daban, zartar da shi daban, kuma muddin gwamna ne ke naɗa hukumar da ke shirya zaɓen ciyaman da kansila, to, ciyaman zai ci gaba da duban Kaduna kafin ya dubi Gwantu.

Abin da sarautu suka warkar da abin da suka bari

Ba za a yi adalci ba in aka ce ba a taɓa sauko da iko a yankin nan ba. Bayan rikicin Kafanchan na watan Maris 1987, da na Zangon Kataf na Fabrairu da Mayu 1992, wanda ya tashi a kan maganar mayar da kasuwa daga wani wuri zuwa wani, hukuma ta fahimci cewa ba addini kaɗai ke ci ba, akwai tsohon ƙorafin mulki a ƙasa. Gwamnatin Kanar Lawal Ja'afaru Isa ta ba Atyap da Bajju sarautunsu a 1995, Gwamna Ahmed Muhammad Maƙarfi kuma, bayan masifar Kaduna ta 2000, ya faɗaɗa wannan aiki ya ƙirƙiro sarautu da gundumomi masu yawa, kuma sarautun Numana da Ninzo da Ayu da muke da su yau a Sanga 'ya'yan wannan sauyi ne. Ni a ganina wannan yana cikin mafi hikimar abin da aka yi a jihar nan, domin mutumin da aka yi shekara ɗari da wani abu ana naɗa masa shugaba daga waje, ranar da ya ga ɗan yarensa da sandar sarauta, wani ƙulli ya kwance a zuciyarsa wanda titi da famfo ba za su kwance shi ba. Shi ya sa da aka rage gundumomin jihar daga 390 zuwa 77 a 2017, ko da yake an kawo hujjar tsadar albashi, mutane da yawa a nan suka ji kamar an karɓe musu abin da suka sha wuya kafin su samu.

Amma fa sarautar ƙabila tana amsa tambaya ɗaya ne ta buɗe wata. Da zarar an ce wannan ƙasar Numana ce, waccan ta Ninzo ce, sai Bahaushen da kakansa ya zo fatauci ya zauna tun kafin a haifi kowa a ɗakin nan, da Bafulatanin da aka binne cibiyarsa a rugar bayan gari, da Inyamurin da ubansa ya zo aikin reluwe a Kafanchan, kowannensu ya tambaya, to ni fa? Wannan gari na Gwantu ya ɗanɗana ɗacin tambayar nan a watan Nuwamba na 2001, sa'ad da aka yi tashin hankalin da ya ci rayuka, kuma kowa a nan ya san cewa ƙarƙashin rigar addinin da aka sa wa rikicin akwai jayayya a kan wane ne ke da gari. A watan Afrilu na 2011 an kashe Musulmi masu yawa a Zonkwa da Matsirga da kewayensu, Kiristoci kuma suka rasa rayuka da majami'u a garuruwan arewacin jihar, a watan Yuni na 2014 kuma aka auka wa Fadan Karshi da Nandu da ƙauyukan da ke kusa da su aka yi kisan da har yau akwai gidajen da ba su farfaɗo ba. Ba na kawo waɗannan don in auna jinin wani da na wani. Na kawo su ne don in nuna cewa kowane ɓangare a yankin nan ya taɓa zama marar rinjaye a wani wuri, kuma ya san abin da ke samun marar rinjaye in doka ba ta tsaya masa ba.

Tushen cutar yana cikin tsarin mulkin kansa, wanda a sashe na 42 ya haramta nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin asali ko kasancewarsa mace ko namiji, sa'an nan a sashe na 147 ya shigo da kalmar ɗan asalin jiha ba tare da ya yi mata cikakkiyar fassara ba, aka bar wa sakatariyar ƙaramar hukuma ta raba takardar da yaranmu ke kira indijin, wadda in ba ka da ita ba gurbin karatu, ba tallafi, ba aikin gwamnati. Na ga yarinya da ta ci jarrabawarta da kyau tana kuka a bakin wani ofis, an ce mata ta tafi garin kakanta ta karɓo takarda, garin da ko ubanta bai taɓa kwana a cikinsa ba. Ra'ayina a nan, kuma na san ba kowa zai so shi ba, shi ne a raba abu biyu da aka cakuɗa. Sarautar gargajiya da bukukuwanta da wuraren tarihinta gadon ƙabila ne, kada wani ya yi mata shisshigi a ciki. Amma makaranta da asibiti da rumfar kasuwa da kujerar kansila da bakin magana a kan rafin da kowa ke sha, waɗannan haƙƙin mazauni ne, wanda ya zauna ya biya haraji ya binne matattunsa a wurin. Kuma wannan ma'auni ba shi da amfani sai an auna da shi a ko'ina, domin ba zai yiwu a nemi Baninze ya karɓi Bahaushe a matsayin ɗan gari a Sanga ba, alhali ɗan Baninzen da aka haifa a Zariya ko Kano ana kiransa baƙo, yana neman filin gina majami'a shekara da shekaru bai samu ba.

Haka nan maganar mata. Matan Arewa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai a ƙarshen shekarun 1970, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri a kai, daga baya kuwa 'yar wannan ƙaramar hukuma, Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe, ta hau kujerar mataimakiyar gwamna a 2019, abin da ya isa a yi alfahari da shi. To amma wa ke tsinko ɗorawa ya dafa kalwa ya yi daddawa, wa ke tara ƙwarar kaɗanya ya fitar da mai, wa ke tafiyar da ta ƙaru da mil guda neman itacen girki duk sa'ad da aka sare wani kurmi? Macen da ta fi kowa sanin ranar da rafi ya fara ja baya ita ce ba a kira in za a sayar da itatuwan bakin rafin.

Darasin Maraɗi

Mai shakka zai ce talaka in an sakar masa daji cinye shi zai yi, kuma lalle yunwa ba ta san gobe ba, kuma galibin masu gasa gawayin nan 'ya'yanmu ne da tsadar rayuwa ta kora daji, masu sayensa kuwa mutanen birni ne da kananzir da gas suka fi ƙarfinsu. Amsata ita ce a dubi 'yan uwanmu Hausawan Maraɗi da Damagaram. A can ma dokar da aka gada daga Faransa ta mai da itace na gwamnati, manomi na iya shan tara a kan bishiyar da ke tsakiyar gonarsa, saboda haka da ya ga tsiro sai ya tumɓuke shi tun bai zama abin da zai jawo masa ma'aikaci ba, har ƙasa ta zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi. Daga wajen 1983, bayan wani ma'aikacin mishan mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, manoma suka fara barin tohon gawo da kalgo da sabara suna yi musu sassabe, kuma abin ya bazu ne sa'ad da hannun hukuma ya sassauta manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, abin da dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, a ƙasar da ruwan samanta bai kai rabin namu ba. Ƙauyuka irin su Ɗan Saga sun kafa kwamitocin tsaron itatuwa da suka haɗa da mata da makiyaya, kuma wannan haɗawar ita ce ta hana abin ya zama sabon dalilin faɗa, domin da manoma kaɗai suka zauna suka ce itace nasu ne, da Bafulatanin da ke sassako ganyen gawo da rani ya zama ɓarawo a ranar.

Wani kuma zai ce sauko da kuɗi ƙaramar hukuma sauko da sata ne kawai. Ban musa cewa za a yi sata ba. Sai dai ɓarawon da ke Kaduna ko Abuja ba mu san fuskarsa ba, na gida kuwa muna ganin ranar da ya fara ɗora bulo, mun san surukansa, muna haɗuwa da shi a jana'iza, kuma in aka wajabta wa kowace ƙaramar hukuma ta manna abin da ya shigo mata da abin da ta kashe kowane wata a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, a karanta shi da Hausa da harsunan gida a masallaci da coci, to, kunya ma wani ɗan sanda ce.

Abin da nake ba da shawara a kansa ba ya bukatar a jira gyaran tsarin mulki. A ranar 23 ga Maris, 2016 wakilan al'ummomi 29 daga Sanga da Jama'a da Kaura da Kachiya da Zangon Kataf suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan, manoma da makiyaya, kowa ya amsa nasa laifin ya nemi gafara, a 2017 kuma jiha ta kafa hukumar zaman lafiya. Rauninsu shi ne ba su da iko a kan abin da ake faɗan dominsa. Majalisar ƙaramar hukumar Sanga tana da ikon yin dokokinta na cikin gida, tana iya kafa wa kowace mazaɓa majalisar ƙasa da ruwa, wadda dagaci da arɗo da wakilan manoma da na matasa za su zauna a cikinta, kashi ɗaya cikin uku na kujerunta na mata, kuma sharaɗin shiga shi ne zama a wurin, ba takardar asali ba. A nemi jiha ta yarda cewa ba za a ba da izinin saran itace ko gasa gawayin sayarwa ba sai da sa hannun wannan majalisa, wani kaso na kuɗin izinin ya zauna a mazaɓar a ga abin da aka yi da shi, kuma duk yarjejeniyar da mai haƙar ma'adini zai ƙulla a karanta ta a gabanta a bainar jama'a. A tabbatar wa manomi a rubuce cewa itacen da ya raina a gonarsa nasa ne da 'ya'yansa.

Aikin wannan majalisa na fari kuwa, tun da ba a fafe gora ranar tafiya, shi ne kafin ruwan farko ya sauka, dattawan manoma da na Fulani su fita tare da ƙafa su bi tsohon burtali daga inda ya shigo mazaɓar har inda ya fita, su tsaya a kowace mashaya, wanda ya tuna inda iyakar take a zamanin ubansa ya nuna, a kafa dutse ko a dasa cediya a wurin, matasa masu waya su ɗauki hoto su rubuta sunayen waɗanda suka halarta. Ina roƙon masu martaba da 'yan majalisar da ke wannan zama su zaɓi mazaɓa guda ɗaya a fara gwadawa da ita a bana, mu kuma da muke koyarwa a makarantun yankin nan mu ba da ɗalibanmu su riƙe igiyar awo da littafin rubutu.